Yadda aka saka wa wata tsohuwar 504 buwat otomatik mai bites huɗu a Yamai

Motar da ake magana a kanta Peugeot 504 ce, berlin, mai injin esans na lita 2 da karburater Solex, irin injin da makanikai ke ce wa XN1. Mai ita kawuna ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mutumin Tawa amma yana zaune a Yamai. 504 dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, a 1968 Faransa ta fito da ita, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi shekaru yana haɗa ta, shi ya sa har yau piyes ɗinta ba su yanke ba a kasuwanninmu. Ta kawu buwat ɗinta, wato akwatin giya, ta hannu ce mai bites huɗu, lafiyarta lau, ba ta kuka ba ta fitar da bites.

Abin da ya kawo maganar canji abu biyu ne. Na farko gwiwarsa ta hagu, likita ya ce ta goge, taka ambreyaj a cunkoson Yamai musamman wajen gadar Kennedy da safe ya zame masa azaba, wani lokaci sai ya sauka daga mota ya dafa ƙofa kafin ƙafar ta dawo. Na biyu kuma hanyar gida. Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, ka bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ka karkata arewa a Tsarnawa, kuma duk tsawon nan injin yana ihu ne saboda bites na huɗu na wannan buwat ɗaya da ɗaya ne, wato juyin inji ɗaya juyin sandar kardan, mai kai juyi zuwa tayoyin baya, ɗaya, babu wani na sama da za ka saka ya huta.

Da a ce ihun inji kaɗai ne damuwar, ni da na ce a nemo buwat ta hannu mai bites biyar ta 505 a ɗora, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba kuma kowane garaj zai iya. Mai garajin da aka kai wa motar ma abin da ya fara faɗa ke nan. Kawu ya ce masa, yarona ka ji ni dai, ba kunnena ke ciwo ba, ƙafata ce. Daga nan magana ta koma otomatik.

Akwai 504 da suka fito daga kamfani da otomatik tun asali, na kamfanin ZF na Jamus, 3HP12 sannan 3HP22, amma dukansu bites uku ne kuma na ukun ɗaya da ɗaya ne, sun warware ƙafa ba su warware hanya ba, hasali ma inji zai fi juyi kaɗan tunda konbertiser, wanda ke haɗa inji da buwat ta hanyar mai a madadin ambreyaj, na zamewa. Wadda ta haɗa biyun ita ce ƙanwarsu 4HP22. Bites ukun farko iri ɗaya ne da na 3HP22, 2.48 da 1.48 da 1.00, sai aka ƙara na huɗu 0.73, shi ne obadaraib, bites ɗin da sandar kardan ke juyi fiye da inji, kuma a wannan na huɗun konbertiser yana kullewa idan mota ta ɗauki gudu, ya daina zamewa. An saka ta a BMW da yawa, da Volvo 740, da Range Rover, da 505 na ƙarshe-ƙarshe. Ta 505 ɗin aka nema don bayanta ya dace da tsarin Peugeot. Mai garaj ya dage a kan abu ɗaya kuma ya yi gaskiya, a tabbatar wadda ke aiki da matsin mai da kabul kawai ce, ba mai kwamfuta ba, don akwai 4HP22 da ke da soket na lantarki a gefe, ita sai da kalkulater ɗinta, wato kwamfutar, da wayoyinta da na'urorin da injin karburater bai san da su ba.

Kafin a kashe ko dala sai da aka zauna aka yi lissafi, kuma wannan shi ne wurin da nake ganin garajin ya bambanta da na bakin hanya. Da aka sauke tsohuwar buwat bakin sandar kardan ya fito fili, aka yi masa alama da alli, aka yi wa taya alama, aparanti suka tura mota har taya ta yi juyi 10, sandar ta yi kusan 39. Pon ɗin, wato giyar da ke tsakanin tayoyin baya, 3.89 ke nan, juyin sanda 3.89 a juyin taya ɗaya. Tayar 175 R14 tana cin wajen mita 1.94 a juyi ɗaya, wato juyi 515 a kilomita, ka ninka da 3.89 ka samu inji na juyi kusan 2000 a kowane kilomita. A gudun 100 wannan ya ba da wajen tur 3340, wato juyin inji, a minti. Da 0.73 sai ya sauko wajen 2440. Idan ka ɗauki hanyar Tawa gaba ɗaya, juyi sama da miliyan ɗaya ya koma wajen dubu 800. Kawu ya ji daɗin wannan lissafi sosai. Amma akwai wani gefen lissafin da ba a tsaya a kansa ba a ranar, shi ne wannan injin ƙarfin jansa ya fi yawa ne a wajen tur 3000, kuma dokinsa 90 da ɗan wani abu ne kawai a lokacin da yake sabo. Zan dawo kan wannan.

An samu buwat ɗin wajen wani mai kas, mai sayar da piyes na matattun motoci, a bayan gari, daga wata 505 da ta daɗe a ajiye. Dole aka nema a cikin gida don tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da aka saba kawowa daga Kwatano sun yi wuya sun yi tsada. An samu buwat da konbertiser ɗinta da farantin da ke haɗa shi da inji da sandar zaɓen bites, amma bututun kardan an riga an sayar wa wani. Wannan rashi ya ci kuɗi daga baya.

Aikin ƙarfe ya fi komai cin lokaci. 505 ɗin da aka ciro buwat daga gare ta injinta ba XN ba ne, don haka ramukan bulon na kwanon gaba ba su hau kan na 504 ba, ga shi kuma injin 504 a kishingiɗe yake digiri 45 zuwa dama. Sai da turner, mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanka farantin ƙarfe mai kauri da aka sayo a Katako, fuska ɗaya ta kama inji, ɗaya ta kama buwat, kuma aka juya ramukan ta yadda kaskon man buwat zai zauna daidai da ƙasa, don in ya karkata matatar mai za ta riƙa shaƙar iska a kwana. Abin da turner ya fi ɓata lokaci a kai shi ne tsakiya. Tsakiyar bilbirikin, babbar sandar da ke juyi a cikin inji, da tsakiyar buwat dole su zo layi ɗaya, kuskuren da bai kai rabin milimita ba ya isa ya cinye bushin ɗin famfon mai ko ya tsaga farantin konbertiser, kuma bulon ba ya riƙe tsakiya, ƴan fegin ƙarfe biyu ne ke riƙewa. An cire bolan, wato faifan ƙarfe mai nauyi na ambreyaj, aka saka siririn faranti mai haƙoran demarer, aka yi masa zobe a baya mai kaurin farantin haɗi, aka yi ɗan bushi a ƙarshen bilbirikin inda hancin konbertiser zai zauna. Wajen ɗorawa mai garaj bai bar aparanti ko ɗaya ya taɓa ba, da hannunsa ya riƙa juya konbertiser yana turawa har ya faɗa can ciki ya kama famfo, ya ce in bai zauna ba kuma aka ja shi da bulon to famfon ya fashe tun kafin a tada mota.

Sai kardan. 504 ba ta da buɗaɗɗen kardan irin na Hilux, sandar tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya haɗa bayan buwat da pon kai tsaye. Sabuwar buwat ta fi tsohuwar tsawo, ga kaurin faranti, dole bututun da sandar su gajarta. Tazarar tayoyin gaba da na baya a 504 da 505 berlin kusan ɗaya ce, wajen mita 2.74, da an samu bututun waccan motar da gyaran kaɗan ne. Tunda babu, aka yanka na 504 aka sake haɗawa a kan injin turner. Karon farko an samu rawa a ƙarƙashin kujera daga gudun 70, aka sake saukewa aka miƙe sandar. Sauran ƙananan ayyuka ba wani labari a cikinsu, an ɗan buga ramin ƙasan mota da guduma a wuri ɗaya, an yi sabon ƙarfen da ke ɗauke da bayan buwat, an cire fedal ɗin ambreyaj, an ja wayar da ke hana demarer juyawa sai a P ko N, wato fakin ko furi, an haɗa fitilar baya, an ɗan ɗaga ralanti, juyin inji a tsaye, don kada inji ya mutu in an saka D, na tafiya gaba, a danja.

Gwajin farko lokacin sanyi aka yi shi, da safe, hanyar Doso zuwa Kure a dawo. Mota ta yi shiru har kana jin ƙarar taya a kan gudron. Kawu ya yi ta yabon yadda take canja bites, ya ce ko ji ba ka yi, laushi kamar me. To wannan laushin shi ne matsalar farko, kuma ba wanda ya gane a ranar.

A wannan buwat, kabul ɗin da ya taso daga karburater zuwa gefenta ba don saukar da bites kawai yake ba in ka taka wuta har ƙasa, kamar yadda yawancin mutane ke ɗauka. Shi ne ke gaya wa buwat nauyin da inji ke ɗauka. Ka taka kaɗan ya ja kaɗan, matsin mai ya zauna ƙasa, ka taka da yawa ya ja da yawa, matsin ya hau ya danne faya-fayan ambreyaj na ciki da ƙarfi don kada su zame. Solex ɗin 504 mai buwat ta hannu ba shi da wurin maƙala wannan kabul, sai aka yi masa ɗan hannu da walda, kuma hannun ya yi gajere, fedal na ƙasa amma kabul bai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Sakamakon haka buwat kullum tana zaton direba na tafiya a hankali, tana saurin hawa bites, tana kama faya-fayan da sanyin jiki, suna ɗan zamewa a kowane canji, wannan zamewar ce kawu ke ji yana cewa laushi. An gane ne da mai garaj ya zaro sandar awon mai bayan ƴan makonni ya ga jan man ya fara komawa ruwan ƙasa. Ya sa aparanti ya taka fedal har ƙasa inji a kashe, shi kuma ya ja kabul da yatsa, sai ga sauran tafiya ta rage. Aka sake hannun, aka auna nisan ramin daga tsakiya ta yadda kabul zai fara motsi tare da fedal ya kuma ƙare tare da shi. Bayan nan canjin bites ya koma ana jin sa, ɗan tik a baya. Kawu ya ce an ɓata masa mota. Mai garaj ya ce Alhaji wannan tik ɗin shi ne lafiyarta, in ka daina jin sa ka kawo mini ita.

Matsala ta biyu zafi, kuma ita sai da watan Afrilu ya kama ta fito. Radiyater ɗin 504 mai buwat ta hannu ba shi da hanyar sanyaya man buwat, an dai ɗaura wani ɗan ƙaramin radiyater na mai a gaba tun farko, wanda ya isa a watan Disamba. Amma Yamai a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma unguwar kawu ba gudron, rairayi ne. A cikin rairayi mota na tafiya a hankali, inji na ja da ƙarfi, konbertiser na zamewa, duk ƙarfin da bai kai taya ba yana komawa zafi ne a cikin mai, ga iska ba ta bugun radiyater tunda ba gudu. Man otomatik ya fi son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90, in ya riƙa haura 120 yana saurin lalacewa, robobin ciki su bushe. Wata rana da azahar bayan an sha fama a wani layi mai rairayi aka ji warin ƙuna, mota ta fara jinkirin ɗaukar D. Allah ya taimaka aka tsaya nan take. Aka canja mai da matata, aka sake canjawa bayan ɗan lokaci don bidanj ɗaya ba ya fitar da wanda ke cikin konbertiser, aka saka radiyater na mai da ya ninka na farko girma da fanka ta lantarki a gabansa, aka kuma saka agogon zafin mai a kan bututun da ke fitowa daga buwat. Ni a ganina wannan agogon ya kamata ya zama abu na farko da za a saya tun kafin buwat ɗin kanta, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. An kuma koya wa kawu ya sa sandar a 1 ko 2 in zai shiga rairayi, kuma a riƙa hure ƙurar da ke toshe radiyater ɗin, don ya zauna a gaban na ruwa, in ya toshe inji ma zai yi zafi.

Na uku shi ne wancan lissafin da na ce zan dawo kansa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, mutum biyu a mota, gudun 100 zuwa 110, obadaraib ɗin ba shi da aibi. Amma kawu ba ya zuwa Tawa hannu rabbana, ga iyali ga buhunan shinkafa ga jarkoki, kuma lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, wato tun daga Doso har Tawa tana bugun mota ne a fuska. A gudun 80 a bites na huɗu inji na wajen tur 1950 ne kawai, can ƙasa da inda ƙarfinsa yake. Sai ka taka wuta, buwat ta sauka na uku, mota ta ɗauki gudu, ka ɗan saki, ta koma na huɗu, gudu ya sake faɗuwa, haka take kai da kawowa kamar ƴar talla da ake kira daga gida biyu. Kowane canji zafi ne da gogewa. Wuri mafi muni shi ne daga 60 zuwa wajen 80, inda ta riga ta hau na huɗu amma konbertiser bai kulle ba tukuna.

An yi maganar canja pon a saka mai juyi fiye da 4, wanda zai ɗaga tur ɗin kaɗan a kowane bites. A takarda shi ne maganin gaskiya. Amma pon ɗin wannan berlin ba irin na break ko pikap ba ne, su nasu sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, na wannan berlin kuwa kowace taya da nata hannu, ba a ɗauko wancan a ɗora nan kai tsaye, kuma kawu ya ce kuɗin ya isa haka. Sai aka tsaya a kan hanya mai araha, sandar zaɓen bites tana da 3, in mota na da kaya ko iska ta taso ko an shiga hawa da gangaren Adar, a ja ta zuwa 3 a bar ta nan, ta koma daidai da yadda take a da, in hanya ta buɗe a mayar D. A cikin gari ma 3 ɗin ya fi. Wato obadaraib ɗin da aka sha wahala dominsa ba a duk hanyar yake aiki ba, daga Yamai zuwa Ƙonni ne aka fi morar sa, shi ma in iska ta yarda.

Batun shan mai, wanda kowa ke fara tambaya. A doguwar hanya ya ragu, amma ba yadda lissafin tur zai sa ka yi zato ba, tur ya sauka da kashi 27 cikin ɗari amma iskar da mota ke turewa da nauyinta suna nan yadda suke. A cikin gari kuwa ya ƙaru, dama haka tsofaffin otomatik suke. In ka haɗa biyun kusan canjaras ne, kuma da esans da aka sauke zuwa sefa 499 lita a 2024, duk wanda ya ce zai yi wannan aiki don ya fanshe kuɗinsa a gidan mai to ya sake lissafi. Abin da aka kashe tsakanin buwat, turner, mai, radiyater da ladan garaj ya kusa kuɗin wata 504 mai tafiya da ƙafarta.

Akwai kuma halaye da dole gidan ya canja. Ba a tura ta ta tashi, ranar da batir ya yi sanyi yaran unguwa suka taru za su tura kamar yadda suka saba, sai da aka kore su aka nemo wayar haɗa batir, yanzu tana cikin but kullum. Ba a jan ta da igiya nesa, don in inji ba ya juyi famfon mai ma ba ya juyi. Birki ya fi saurin cinyewa tunda a D inji ba ya riƙe mota sosai in ka saki wuta. Awon mai kuma sai inji na aiki, ya yi ɗumi, mota a daidai, kuma jan man otomatik irin Dexron kawai, ba man inji ba, ba na buwat ta hannu ba. Abu ɗaya da mai garaj ya rubuta a takarda ya manna a cikin kapo shi ne kada wani ya riƙa ba ta wuta a P ko N bayan an dawo daga tafiya. Wannan rauni ne da aka san 4HP22 da shi, ragowar matsin mai na iya barin ambreyaj na farko a ɗan kame, in aka yi ta wuu wuu a tsaye sai ya ƙone, kuma kowa ya san aparantinmu in suna gyaran karburater ba abin da suke so kamar wannan. In dole ne a ɗaga tur, a kashe inji tukuna, a ɗan jira, a sake tayarwa a P ba tare da an shiga wani bites ba.

Yanzu motar na aiki, kawu na tuƙa kansa zuwa masallaci da kasuwa da Tawa, gwiwar hagu na hutawa. Agogon gudu yana ƙarya kaɗan don ɗan haƙorin da ke juya kabul ɗinsa na waccan 505 ne, an gwada da waya an gano bambancin, ya haddace. Tsohuwar buwat da bolan da fedal suna ɗakin ajiya an shafa musu mai, mai garaj ne ya hana a sayar, sai dai bututun kardan da aka yanka ba zai koma ba, in za a mayar da ita yadda take sai an nemo wani. Ana kuma cigiyar wata 4HP22 ta biyu a ajiye don piyes, saboda masu buɗe cikin otomatik a Yamai ba su da yawa, a Tawa kuwa in ta tsaya sai dai a ɗoro ta a kamyon.